Ranar Iyayen Ƙungiya: Wa Ya Kamata a Karrama?

Waɗanda suka raba asusu bayan kaka, Allah ya sa albarka a abin da aka samu. Waɗanda ba su raba ba tukuna, Allah ya kai mu lokacin lafiya. Ke kuma da kike karanta wa saura a bisa tabarma, ki ɗaga murya da kyau, don maganar yau ta shafi har tsofaffin da suke zaune can baya.

Maganar karramawa ce. Ƙungiyoyi da dama sun fara al'adar ba da kyauta ranar rabo: turmin zane ga shugaba, ko kwanon sha, ko takardar yabo. Niyyar mai kyau ce, yabon gwani ai ya zama dole. Amma mun san yadda abin yake ƙarewa a wasu wurare. A yi guɗa a watse, kafin mako biyu mutum uku sun daina zuwa zubi, an fara cewa "to dama ƙungiyar ai tasu ce". Zanen jikka biyar ya tsaga asusun da aka yi shekara takwas ana ginawa. Shi ya sa a wannan wata za mu leƙa wajen wasu mata da suka haura shekara 100 suna wannan al'ada, mu ga yadda suke yi, da inda su ma suka yi tuntuɓe.

Ƴan uwancin da aka ƙulla a makaranta

A Amurka akwai ƙungiyoyin mata da ake kira sororiti. Kalmar ta fito daga soror, wato ƴar uwa a harshen Latin, kuma da wannan suna membobi suke kiran junansu. Yarinya tana shiga tun tana jami'a ko bayan ta gama, kuma in ta shiga ta shiga ke nan har tsufa. Ko aiki ko aure ya kai ta wani gari, sai ta nemi reshen da yake can ta ci gaba da biyan kuɗin ƙungiya da zuwa taro. Sunayensu harufan Girkanci ne, shi ya sa za ku ji su wani iri a baki. Akwai na fararen fata, akwai na baƙar fata. Na baƙar fata manya guda huɗu ne, su za mu duba.

Ta farko ita ce Alpha Kappa Alpha, wadda aka kafa ranar 15 ga watan Janairu na 1908 a Jami'ar Howard da ke birnin Washinton. Wata ɗaliba mai suna Ethel Hedgeman ce ta kawo shawarar, suka fara su tara, sannan suka jawo wasu bakwai na ajin bayansu. Ku lura da lokacin: shekara 43 kacal da haramta bauta a ƙasar, wanda aka yi a 1865. A wancan zamani baƙar mace da ta taka jami'a ana iya ƙirga irinta da yatsu a gari guda.

Ta biyu Delta Sigma Theta, ranar 13 ga Janairu na 1913, ita ma a Howard, ƴan mata 22 suka kafa ta. Ta uku Zeta Phi Beta, ranar 16 ga Janairu na 1920, a wannan jami'a dai, mutum biyar. Ta huɗu Sigma Gamma Rho, ranar 12 ga Nuwamba na 1922, malaman makaranta mata bakwai suka kafa ta a Jami'ar Butler da ke Indiyanapolis. Biyun farko kowace ta shigar da mata fiye da dubu 300 tun kafuwarta. Kamala Harris, wadda ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban Amurka daga 2021 zuwa 2025, ta shiga Alpha Kappa Alpha tun tana ɗaliba a Howard. Shirley Chisholm, baƙar mace ta farko da aka zaɓa majalisar dokokin ƙasar a 1968, ƴar Delta ce.

Ba bukukuwa kaɗai suka tara su ba. A 1935 Alpha Kappa Alpha ta tura ma'aikatan lafiya zuwa jihar Misisipi, wajen baƙaƙen manoman auduga da suke aiki a gonakin masu ƙasa. Wata likita mai suna Dorothy Ferebee ce ta jagoranci tafiyar. Masu gonakin suka hana ma'aikatansu zuwa inda aka buɗe wurin duba marasa lafiya. Matan nan sai suka loda magani a motocinsu suka riƙa bi gona gona, suna yi wa yara rigakafin agana da mashaƙo a gindin itace. Sun yi ta komawa kowace shekara har yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin. Ita kuwa Delta, a 1937 ta fara aikin kai littattafai ƙauyukan kudancin ƙasar inda aka hana baƙar fata shiga ɗakunan karatu. Zeta ta buɗe reshe a Monrobiya ta ƙasar Laberiya tun 1948, kuma daga 1972 tana da wani shiri na mata masu ciki: duk wadda take zuwa awon ciki a kan lokaci tana tara maki, ta musanya shi da kayan jariri.

Yadda suke yin ranar

Kowace ƙungiya tana da ranar tuna waɗanda suka kafa ta, kuma tunda uku cikin huɗu a Janairu aka haife su, wannan wata ne lokacin taronsu. Reshe reshe suke haɗuwa. Akwai ɓangaren da yake na membobi ne kaɗai, inda suke sabunta alkawarin da suka ɗauka ranar shiga. Akwai kuma ɓangaren da ake gayyato jama'a, a ci abinci, a yi jawabi, a ba da kyaututtuka, a ba ɗalibai tallafin karatu. Wasu rassan a makon suke fita aikin gayya, kamar raba abinci ko ziyarar tsofaffi.

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne sunaye. Ana kiran sunan kowace mai kafawa ɗaya bayan ɗaya, cikakke. Sabuwar memba sai ta haddace su. Ƴan Alpha Kappa Alpha suna kiran nasu lu'ulu'u ashirin: mutum 16 na farko da huɗu na waɗanda suka tsaya aka yi wa ƙungiyar rajista. Har a jikin alamar da suke maƙalawa a ƙirji akwai ƴan duwatsu ashirin. Ƴan Zeta suna kiran nasu lu'ulu'u biyar. Yau babu ko ɗaya daga cikin matan nan da take raye, amma jikanyar jikanyarsu a ƙungiya za ta jero miki sunayensu ba gargada.

Abu na biyu, sun raba karramawa gida gida. Akwai ta jagoranci, ga wadda ta riƙe wani aiki ya yi kyau a hannunta. Akwai ta hidima, ga wadda ta ba da lokacinta da ƙarfinta ko ba ta da muƙami. Akwai kuma ta daɗewa, wadda ba a takara a kanta sam. A Alpha Kappa Alpha, in mace ta cika shekara 25 a ƙungiya ana ba ta lambar azurfa, shekara 50 ta zinariya, shekara 75 ta daimon. Wannan ba ta buƙatar kamun ƙafa ko farin jini. Ki dai zauna, ki biya, ki zo taro, ranarki za ta zo.

Abu na uku, kyaututtuka da yawa suna ɗauke da sunan waɗanda suka kafa ƙungiyar ko tsofaffin shugabanni. Dabarar da take ciki babba ce. In aka ce an ba ki kyautar wance, dole a tsaya a faɗa wa taro wace ce wance, me ta yi, kuma ta ina halinki ya yi kama da nata. Tarihi ya maimaitu ke nan ba tare da an kira shi darasi ba, kuma an sa ma'auni a gaban kowa. Abu na huɗu, ba sa manta mamatansu. Alamar Alpha Kappa Alpha ganyen wata ciyawa ce mai yaɗo a bango wadda ba ta bushewa rani da damina, don haka memba in ta rasu sai su ce yaɗon ya tsallake katanga, kuma suna da taro na musamman na tunawa da ita.

Su ma sun yi tuntuɓe

Kada ku ɗauka komai sumul yake. Ita Delta ɗin nan daga rigima aka haife ta. A ƙarshen 1912 ƴan matan da suke Alpha Kappa Alpha a cikin jami'a, su 22, suka ga ƙungiyar ta cika harkar zumunci, alhali mata a waje suna fafutukar samun ƴancin jefa ƙuri'a. Suka yanke shawarar canza suna da launi da alkibla. Wata tsohuwar shugabar ƙungiyar da ta riga ta gama makaranta, Nellie Quander, ta ji labari ta ce ba za a taɓa abin da na farko suka kafa ba. Ba a daidaita ba. Ƴan matan suka fita suka kafa tasu ranar 13 ga Janairu na 1913, ita kuma ta tattara waɗanda suka rage aka yi wa tsohuwar ƙungiyar rajista a hukumance ranar 29 ga watan, don kada wani ya sake taɓa sunan. Ranar 3 ga Maris na wannan shekara, sabuwar ƙungiyar ta shiga babban macin mata masu neman ƙuri'a a Washinton, a lokacin da wasu masu shirya macin ba sa son ganin baƙar fata a sahu. Matan Amurka sun samu ƙuri'a a 1920, amma baƙaƙen kudu sai da dokar 1965 ta zo kafin akasarinsu su iya jefawa.

To wa ke da gaskiya, tsohuwar ko yaran? In kin duba da kyau kowa tana da rabonta. Ba don tsayuwar Nellie Quander ba, da sunan farko ya ɓace. Ba don ƙarfin halin yaran ba, da ba a ga baƙaƙen ɗalibai a wancan maci da tutarsu ba. Allah ya taimake su duka ƙungiyoyin biyu suka rayu suka girma. Asusun mutum 25 a ƙauye ba shi da wannan sararin. In ya tsage biyu, sau da yawa duka ɓangarorin ne suke mutuwa, don jarin da ya rage ba ya isa a ba kowa bashin kirki.

Akwai wasu ƙorafe-ƙorafen da ake yi musu a can ƙasarsu. Kuɗin shiga da na shekara da na kayan taro suna da tsada, har talaka takan ga ba wurinta ba ne. An daɗe ana zargin wasu da fifita ƴaƴan masu hali. Sannan akwai mummunar al'adar wahalar da sababbin shiga, wadda manyan ƙungiyoyin suka haɗu suka haramta a 1990, amma har yanzu takan ɓulla a ɓoye. Wannan ba abin koyi ba ne. Mu ɗauki hatsin mu bar musu ƙaiƙayin.

Mu ina sunayen namu?

Tsarin asusun da akasarinmu muke bi, na Mata Masu Dubara, a 1991 aka fara shi a jihar Maraɗi, lokacin da wata ƴar ƙasar Norwe mai suna Moira Eknes, ma'aikaciyar CARE, ta zauna da matan karkara suka gyara adashin gargajiya ya zama akwati mai ba da bashi. Ana ambaton ƙauyen Kagadama cikin na farko. Daga nan tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka har da wajenta, miliyoyin mutane suna binsa. A wannan shekara ta 1991 dai, ranar 13 ga Mayu, matan Yamai suka yi maci saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, har sai da aka ƙara yawan mata a ciki. Ita ce ranar da muke buki kowace shekara.

Sunan baƙuwar da ta zo daga Turai yana rubuce a littattafai, kuma ta cancanta. Amma matan da suka fara ajiye dala biyar biyar ɗinsu a akwatin da ba su taɓa ganin irinsa ba, suka jure dariyar maƙwabta da tuhumar mazaje, mu nawa ne za mu iya kiran sunan mutum biyar cikinsu? Bar ta Maraɗi ma, a garinku fa? Wace ce ta fara bi gida gida tana kiran mata? A tsakar gidan wa aka yi zaman farko? Wa ta fara riƙe akwati a ɗakinta ta kwana ba barci don tsoron ɓarayi? Ƙungiyoyin farko ba su da kaye, da ka ake riƙe lissafi, kowace mace ta san zubinta da bashin ta kusa da ita. Dabara ce mai kyau ga kuɗi, tunda kowane mako ana maimaitawa. Tarihi kuwa ba a maimaita shi kowane mako, kuma abin da yake cikin kai kaɗai, ranar da aka kai mai kan makwanci tare suke tafiya. Yau an haura shekara 30. Da yawa daga cikin iyayen nan sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage ƙarfi ya ƙare.

Kuma karrama jagora a gaban jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa ƴan taru, mata masu kai karatu ƙauyuka. Shugabar kowane ayari ana kiranta jaji, kuma alamarta malafa ce da jan rawani da ake naɗa mata. Ba dukiya aka ba ta ba, alama ce da kowa zai gani ya san an ɗora mata amana.

Shawarwari ga mai son farawa

Na farko, ku tsayar da rana guda a shekara, kuma kada ta zama ranar rabo. Ranar rabo hankalin kowa yana kan kuɗi, wata ta samu da yawa, wata an cire mata bashi da tara, zuciya ba ta kwance ba. Ku zaɓi ranar da aka kafa ƙungiyar in an san ta. In ba a sani ba, ku ɗauki zaman farko na sabon zubi, ko makon 13 ga Mayu.

Na biyu, kafin ranar, ku tura mutum biyu, ɗaya mai rubutu ɗaya mai shekaru, su zauna da iyayen da suka rage. A rubuta sunan duk wadda ta zauna a zaman farko, da unguwarta, da aikin da ta riƙe, da nawa aka fara zubawa. A tambayi mutum biyu ko uku dabam dabam, don tsufa yakan sa mantuwa, tsohuwar gaba kuma takan sa a tsallake suna da gangan. Wadda ta fita daga baya cikin fushi, in tana zaman farko, sunanta ya shiga. A rubuta a shafin farko na kaye, a kwafe a wata takarda a ajiye cikin akwati. Ranar taro a karanta sunayen da ƙarfi, a yi wa mamata addu'a, masu rai a zaunar da su gaba.

Na uku, ku raba karramawar kamar yadda muka gani. Ta jagoranci ɗaya, ta hidima ɗaya, sai ta daɗewa ga duk wadda ta cika shekara 10 ko 20. Ku sa wa biyun farko sunan iyayen ƙungiyarku, musamman waɗanda suka rasu, don mai rai in aka sa sunanta aka bar na ƙawarta an tono wata rigimar. Ta hidima ita ce wadda aka fi mantawa, ita ce kuma ta fi gyara zuciya. Ku tuna masu riƙon makulli uku da ba su taɓa makara ba, tunda in ɗaya ba ta zo ba akwati ba ya buɗuwa. Ku tuna masu ƙirga kuɗi. Ku tuna wadda take share wuri ta shimfiɗa tabarmi kafin kowa ya iso, da wadda take raka mai naƙuda gidan likita tsakar dare, da wadda take zuwa ta lallashi maigidan da ya hana matarsa fitowa. Ba su da kujera a gaba, amma su daina mako huɗu ku gani.

Na huɗu, a faɗi ma'auni tun farkon shekara, kowa ta ji. Misali: zuwa taro, riƙon amana, sasanta mutane, koya wa sababbi. Yawan zubi kada ya shiga ma'auni, don mai zuba hannu biyar ta riga ta samu ladanta ranar rabo. Wadda rashin lafiya ko gobara ta sa ta makara biyan bashi, kuma ta zo ta faɗa a gaban ƙungiya ta biya daga baya, wannan ba aibi ba ne da zai hana a karrama ta.

Na biyar, zaɓe ya zama a asirce, da tsakuwa a bayan labule, kamar yadda muke zaɓen shugabanni. Ɗaga hannu a gaban matar maigari ko uwar miji ba zaɓe ba ne, kowa ta san haka. Kuma a sa doka: wadda ta samu bana ba za ta sake samu ba sai bayan shekara uku. Shugaba mai hankali ma ita da kanta za ta ce a cire sunanta muddin tana kan kujera, a karrama ta bayan ta sauka.

Na shida, kuɗin kyauta kada ya fito daga jarin bashi, kada ya fito daga asusun taimako. Wannan na mai haihuwa ne da mai rashi. A yi karo-karo na musamman. In ku 25 ne kowa ta ba da dala ashirin, an tara jikka biyu da rabi. Ya isa a sayi kallabi biyu da sabulu, a rubuta takardar yabo da hannu, shugaba da marubuciya su sa hannu. Darajar kyautar tana cikin maganar da za a faɗa lokacin miƙa ta. A tashi a ce: wance, shekara shida makulli yana hannunki, ko ranar da aka yi ruwan nan mai yawa sai da kika zo. Wannan magana za ta fi zanen daɗewa a jikinta. Maganar anko kuwa, in an san akwai wadda sai ta ci bashi za ta iya ɗinkawa, a bar shi. Kowa ta sa abin da take da shi.

Na bakwai, ku yi hattara da baƙi masu kyauta. In lokacin zaɓe ya gabato za a samu mai cewa shi zai sayi zannuwan, shi zai kawo masu kiɗa, a ba shi dama kawai ya yi jawabi. Ranar iyayenku ce. Wanda ya biya kuɗin taro shi zai zaɓi wadda za a tafa wa, kuma in bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Magajin gari ko maigari in an gayyace su su zo su shaida, su sa albarka, madalla. Zaɓen wadda za a karrama na ƴan akwati ne kaɗai.

Magana ga iyaye da ƴaƴa

Ku iyayenmu da kuka kafa, girmanku ba ya taɓuwa, da tsohuwar zuma ake magani. Amma kafa ƙungiya bai mayar da ita gadon ɗaki ba. Dokar da ta hau kan sabuwar shiga ta hau kanku: tara in an makara, biyan bashi a kan lokaci, sauka daga kujera in wa'adi ya cika. In yaran suka zo da shawarar ajiye lissafi a waya, ko buɗe asusu a gidan kuɗi, ko sayen hatsi a ajiye har bazara, ku saurare su har ƙarshe kafin ku ce a'a. Ku ma a zamaninku sabon abu kuka kawo, kuma an ce muku ba zai yiwu ba.

Ku kuma ƙannenmu masu karatu da waya, iya rubutu bai sa kun fi su sanin mutane ba. Tsohuwar da ba ta san bihim ba ita ta san gidan da in an ba da bashi zai dawo da gidan da sai an bi a hankali. Kuna son gyara, ku kawo shi a zaman ƙungiya, a tattauna, a jefa tsakuwa. Taron gefe da ƙus-ƙus a waya shi ne farkon rabuwa. Ranar tuna iyaye dama ce ta a haɗa ku wuri guda, tsohuwa ta miƙa wa yarinya kyauta da hannunta, yarinya ta karanta sunan tsohuwa a gaban jama'a.

Aikin da zan bar muku kafin fitowa ta gaba ƙarami ne. A zamanku na wannan mako, bayan an rufe akwati an sa kwaɗo uku, shugaba ta tambaya: su wa suka kafa ƙungiyar nan? Ku ga suna nawa za ku iya kawowa. In akwai tsohuwar da ta san sauran kuma tana kwance, kada ku jira sai bayan damina, ku je gaishe ta gobe da kaye da alƙalami. Ƙungiyar da ta riga ta fara irin wannan rana, ta aiko mana yadda take yi ta hannun wakiliyar garinku, mu buga don wasu su amfana.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya, ya tsare mana akwatunanmu da zumuncinmu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.